Wace Kalma Za Mu Tsayar Wa "Community Engagement" a Karatun Injiniya?

1. Malamai da 'yan'uwa masu aikin fassara, ina neman shawararku a kan kalmar "community engagement", wadda take yawan fitowa idan ana bayanin yadda wasu jami'o'in Amurka suke horar da injiniyoyi. Misalin da ya fi shahara shi ne shirin EPICS da Jami'ar Purdue ta jihar Indiyana ta kafa a 1995, inda ɗalibai suke haɗa tawaga su ƙera wa ƙungiyoyin sa-kai na yankinsu abin da suke buƙata, a kuma ba su maki kamar kowane darasi.

2. An fi fassara ta da "hidimar al'umma", amma hidima tana da mai yi da wanda ake yi wa, kuma wannan rabon ne malaman jami'o'in suke ƙoƙarin kawarwa daga kan ɗalibansu. "Wayar da kai" ta fi muni, domin tun daga farko ta ɗauka cewa mutanen gari a duhu suke. "Aikin gayya" kuwa na tsakanin tsara ne da suka san sana'a ɗaya, ba na baƙon da zai koma makaranta idan zango ya ƙare ba.

3. Labarin famfon PlayPump ya nuna inda gizo yake saƙa. An haɗa famfon da abin wasan yara mai juyawa, da nufin yara suna wasa ruwa yana hawa tanki, har a 2006 gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi suka yi alkawarin dala miliyan 16.4 domin yaɗa shi a Afirka. A wasu ƙauyukan Mozambik an cire famfunan hannu aka kafa shi ba tare da an tuntuɓi masu ɗiban ruwan ba. Da yara suka gaji, sai ga mata, har da tsofaffi, suna tura ƙarfen da hannu suna zagayawa. Idan kuma ya lalace, babu makanikin da ya san kan famfon a kusa. Hidima dai an yi ta, amma ba a dama da mutanen ba.

4. Saboda haka nake ganin "damawa da al'umma" ita ce ta fi dacewa, tunda wanda aka dama da shi yana da ta cewa tun daga zaɓen matsala har zuwa wanda zai riƙa gyara idan injiniya ya tafi. Na san kalmar tana ɗauke da warin siyasa, domin ɗan siyasa idan ya ce ba a dama da shi ba, yawanci rabon muƙami yake nufi, sai dai ban ga hakan ya isa mu bar musu ita ba.

5. Abokiyar tafiyar "community engagement", wato "social justice", ba ta da gardama sosai: "adalcin zamantakewa" ta wadatar. Abin da ya rage shi ne ko za mu ce "al'umma" ko "mutanen gari", domin al'umma tana iya faɗi har ta haɗiye matan da suke tura famfon. Malamai, wacce kuka zaɓa?