Bas ɗin dare a cikin gari: yana fitar da kuɗinsa kuwa?

Abu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai tambayar da ta daɗe tana min yawo a rai, masu sani ku taimaka. Me ya sa a yawancin garuruwa da zarar 11 ko 12 na dare ta yi sai bas-bas su ɗauke ƙafa, sai kuma gari ya waye? Alhali fa garin bai kwanta ba, ga ma'aikatan asibiti masu tashi daga aiki, ga masu gadi, ga masu sharar ofisoshi, ga ma'aikatan filin jirgi da ake so su isa tun 4 na asuba. Ni a nawa ganin motocin nan an riga an saye su, suna ajiye a gareji ba abin da suke yi, titi kuma fayau ba cunkoso, to ina tsadar take? Direba ne kawai da mai. Kuma garuruwan da suke yi ɗin, riba suke ci ko asara suke haɗiyewa?

Injiniya_Sani:
Wa alaikumus salam. Malam Abu Hanan ai wannan "direba ne kawai da mai" da ka faɗa shi ne kuɗin ɗungurungum. A harkar bas na cikin gari albashi ne yake cin kaso mafi tsoka, ya fi mai, kuma wurare da yawa direban dare sai an ƙara masa alawus a kan na rana. Sannan ba shi kaɗai ba ne a farke, ko mota ɗaya ce a kan titi ƙarfe 3 dole akwai wanda ke zaune a ɗakin kula yana jiran kira, dole akwai makaniki, akwai janwe a shirye, gareji a buɗe, da direban ko-ta-kwana saboda in wani bai zo ba. Duk waɗannan biyan su za ka yi ko fasinja biyu aka ɗauka.

Kuma batun ba abin da motocin suke yi, a'a, da daren ne ake wanke su a sha musu mai a duba birki da tayoyi, masu batir kuma lokacin suke caji. Amma dai wannan ba babbar matsala ba ce tunda 'yan kaɗan ake fitarwa.

Bari in yi maka misali da lissafi, misali ne kawai na ƙirƙira don a gane. A ce hanyar da rana tana cin awa 1, da dare ta koma minti 40. Zuwa da dawowa minti 80, ka ƙara 10 direba ya miƙe ƙafa, 90 kenan. In kana so mota ta riƙa zuwa duk bayan minti 30, motoci 3 kake bukata. Daga 12 zuwa 5 awa 5 ne, ka ga awa 15 na aikin direba kenan a hanya ɗaya tal, a dare ɗaya. Sawu wajen 20 za a yi, in kowane sawu ya samu mutum 6, mutum 120 ne duk daren. Abin da mota biyu za su kwashe da safe kafin ka ce kwabo. To sai wani ya ce a mayar da shi duk bayan awa 1 mana a rage kuɗi, toh nan ma akwai tarko, 90 ba ta rabuwa daidai da 60, motoci 2 za ka sa, ka rage mota ɗaya kawai cikin uku amma ka rage sawu da rabi, kuma mutane da yawa su haƙura su daina zuwa don ba mai son tsayuwar awa guda a titi tsakar dare.

Maman_Zahra:
Injiniya lissafinka ya yi amma akwai inda ka tsallake. Mutum 120 ɗin nan da ka ƙirga yawancinsu ai da yamma ma bas suka hau suka tafi aikin. Ranar da ka cire musu motar dawowa ba kuɗin dare kaɗai ka rasa ba, har na yamman ka rasa, don mutum zai nemi wata dabara gaba ɗaya ko ya bar aikin. Amma a takarda kuɗin yamman an rubuta shi a lissafin rana, shi kuwa na dare sai a ce ga shi nan yana cin kuɗi a banza.

Ni aikin dare nake yi, kuma wallahi ba tafiyar ce ke ba mutum tsoro ba, jiran ne. Kana tsaye a tasha kai kaɗai, duk fitilar da ta hasko daga nesa sai ka miƙa wuya ko ita ce, waya saura kaɗan ta mutu kana ta lissafin ko ka kira tasi ko ka ƙara minti biyar, in wani ya tsaya a bayanka ba ka san ko fasinja ne ko wani abu ba. Ni gara a ce min mota sau ɗaya a awa amma 1:20 ɗin da aka rubuta 1:20 ɗin ce, da a ce duk minti 30 amma ba tabbas. A Toronto ta Kanada suna da tsarin da daga 9 na dare in kana kai kaɗai za ka iya roƙon direba ya sauke ka tsakanin tasha da tasha kusa da gida. Wannan nawa ya ci musu? Kusan ba komai.

DanLissafi:
Hajiya Allah ya ƙara tsarewa, amma mu faɗi gaskiya, tausayi daban kasafin kuɗi daban. Ku duba Boston a Amurka. Sun gwada bas ɗin dare daga 2001 suka rufe a 2005. Suka sake gwadawa a 2014, wannan karon da jiragen ƙasa da wasu manyan hanyoyin bas, zuwa 2016 suka sake rufewa, dalilin dai kuɗi. Gari ne fa mai arziki cike da ɗalibai. Duk kuɗin da ka zuba wa mota mai mutum 6 ka cire shi ne daga hanyar da mutane ke tsaye kamar kifin gwangwani da safe. Ni a ganina gara gwamnati ta biya wa ma'aikatan dare wani kaso na kuɗin tasi ko Uber, ko a tilasta wa manyan ma'aikatu su ɗauki ma'aikatansu da motarsu. Su suka sa mutane aikin dare, su ɗauki nauyi.

Injiniya_Sani:
Malam DanLissafi misalin Boston ɗin naka ai ni yake goya wa baya. Nasu daren Juma'a da Asabar ne kawai, kuma bai kai asuba ba. Mai aikin asibiti ko gadi ba ranar hutu kaɗai yake aiki ba, ba zai tsara rayuwarsa a kan motar da ke zuwa dare biyu a sati ba, shi ya sa abin ya fi amfanar masu fita shaƙatawa. Kuma su ɗin ma daga baya a 2018 ai motocin sassafe suka koma ƙarawa saboda ma'aikata.

Inda abin ya zauna da gindinsa kullum ake yi. Landan suna da hanyoyin bas na dare da lambarsu ke farawa da N, kowane dare suna aiki, jirgin ƙarƙashin ƙasa na dare da suka fara a 2016 shi ne na ƙarshen mako kawai, don layin dogo sai an rufe shi ake gyara, titi kuwa ba sai an rufe ba, shi ya sa bas ne ya fi dacewa da dare. Toronto suna da nasu bas ɗin daren tun 1987. Paris suna da nasu mai suna Noctilien tun 2005. Dublin ta Ireland sai a 2019 suka mayar da hanyoyin bas masu lamba 41 da 15 awa 24, kuma lura 41 ɗin ta filin jirgi take bi, ba da ka aka zaɓa ba.

Batun tasi kuma, yana da amfani a unguwar da mutum biyu uku ne kawai, amma kuɗinsa kan mutum yake, in mutane suka ninka kuɗin ya ninka. Bas kuwa ko 6 ko 40 kuɗin ɗaya ne. Sannan wanda ba ya da waya mai intanet ko katin banki fa? Babban asibiti zai iya sayen mota, amma ƙaramin shago mai ma'aikata uku ba zai iya ba.

Abu_Hanan:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. To amma ba wanda ya amsa min kai tsaye, akwai inda yake cin riba ko babu?

Injiniya_Sani:
In kuɗin tikiti kaɗai kake nufi, kar ka sa rai. Amma fa ko na ranar a yawancin biranen Turai da Amurka tikiti ba ya biyan kuɗinsa, da tallafi ake cikawa, na daren dai tallafinsa kan kowane fasinja ya fi yawa. Abin da ake yi a rage shi ne kar a ce duk hanyoyin rana za a bi, a zaɓi 'yan manya masu bi ta asibiti, filin jirgi, masana'antu da unguwannin da ma'aikata suke, a sa duk su haɗu a tasha ɗaya a lokaci ɗaya su jira juna 'yan mintuna, mutum ya sauka daga wannan ya faɗa waccan ba tare da jira ba.

Tsohon_Direba:
Yara ku ƙara da wannan. Dare ba ɗaya ba ne. Daga 12 zuwa 1 akwai mutane, 2 zuwa 3:30 kusan kai da kujeru ne, amma daga 4 sai ka ga mota ta fara cika da masu kayan aiki a jaka, kowa ya jingina kai da gilashi yana ƙarasa barci, kuma fuskokin nan dai su ne kullum, har ka san wanda bai fito ba yau. In gari ba shi da kuɗin yin duk daren, ni da za a tambaye ni cewa zan yi a fara da dawo da motar farko baya zuwa 4, a ƙara awa ɗaya a kan ta ƙarshe, a bar tsakiyar tukuna. Kuma ku sa kuɗin banɗaki da wurin zama mai fitila a ƙarshen hanya cikin lissafinku Injiniya, don direban dare in ya isa can komai a rufe yake samu, kuma yana cikin abin da ke sa mutane gudun aikin.