Crappie yana cinye min ƙoto a ƙarƙashin ƙanƙara, ban kama ko ɗaya ba

Ɗan Yawuri:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Karatu ne ya kawo ni Minneapolis, a jihar Minnesota ta Amurka, kuma bana na fara bin abokai fatsa a kan ƙanƙara, a tafkin Minnetonka. A bakin Kwara na tashi, fatsa ba baƙuwata ba ce, amma kifin nan crappie ya gagare ni. Ina huda ƙanƙara inda zurfin ruwa ya kai ƙafa 28 zuwa 30, in soka ɗan ƙaramin kifi mai rai a ƙugiya, in sake shi har ƙasa, in ɗan ɗaga kaɗan in jira. Zarena mai ɗaukar laba 8 ne. Na kusa da ni suna ta cirowa, ni kuwa sai in ga zaren ya yi sako-sako, in jawo in tarar babu ƙoto. Wane ƙoto ya fi? Kuma yaya ake kaɗa ƙugiyar? Allah ya saka da alheri.

Baban 'Yan Biyu:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ƙotonka lafiya lau yake, inda kake ajiye shi ne matsalar. Crappie ba ya kiwo a ƙasa. A tsakiyar hunturu garke yake yi ya rataya a tsakiyar ruwa, saman wuri mai zurfi, yana bin 'yan mitsi-mitsin halittun da ke yawo a ciki. A ruwa mai ƙafa 30 kana iya samunsu a ƙafa 15 ko 20. Idanunsa sama suke duba, daga ƙasa yake tasowa ya ɗauki abinci. Abin da ke ƙarƙashinsa bai cika kula shi ba. To ka riƙe ƙugiyarka ƙafa ɗaya ko biyu a saman garken.

Sako-sakon da kake gani kuwa, kamun ke nan. Ya zo daga ƙasa ya zuƙi ƙoton ya ci gaba da hawa, nauyin ƙugiyar ya bar zaren. Ba zai fizga kamar tarwaɗar Yawuri ba. Da ka ga zaren ya saki, ɗaga sandar nan take, amma da taushin hannu, don leɓensa siriri ne ƙwarai, fizga mai ƙarfi yage shi take yi.

Zaren laba 8 ya yi kauri, sanyi kuma yana sa shi nannaɗewa ya ɓoye maka kamun. Ka koma laba 2 ko 3. Ka sayi 'yar ƙugiya mai dunƙulen kai na ƙarfen tangistan, milimita 4. Tangistan ya fi dalma nauyi nesa ba kusa ba, ga ta ƙarama ga saurin nutsewa, sai ka riski garken kafin ya wuce. A bakin sandar ka ɗaura 'yar siririyar wayar nan mai lanƙwasa da ake sayarwa a shagon ƙoto. Nauyin ƙugiya yana ɗan sunkuyar da ita, idan ta miƙe da kanta kifi ya ɗauka.

Ni farar tsutsar kakin zuma nake sa wa, guda ɗaya. Wajen kaɗawa, kada ka yi ta wurga sanda sama da ƙasa. Karkarwa ake so, da wuyan hannu kawai, ta yadda wutsiyar tsutsar za ta motsa ƙugiyar tana kusan wuri ɗaya. Fara daga sama, ka sauka a hankali, kana tsayawa. Idan ka samu aron Vexilar, na'urar da ke nuna abin da ke ƙarƙashin ramin, za ka ga layin kifi ya rabu da garke ya nufo ƙugiyarka. A nan mutane suke tsayar da hannu, kifin ya zo ya duba ya juya. Ka ci gaba da karkarwar, kana janye ta sama sannu-sannu, ya ga abincin zai tsere masa. Wanda ya biyo ta ƙafa biyu ko uku da wuya ya fasa.

Kuma garken nan yawo yake. Rami ya yi shiru, ka tashi ka huda wani.

Bazazzagi:

Yaya, na yarda da kai a komai ban da ƙoto. Da rana tsutsa ta fi, ko ma ta roba. Amma da zarar rana ta faɗi, ɗan kifi mai rai shi ke jawo manyan. Waɗanda suka riski zamanin yalwar crappie na tafkin Upper Red a farkon shekarun 2000, wanda haihuwar crappie ta 1995 ta kawo bayan wani kifi mai suna walleye ya yi ƙaranci, yawancinsu da ɗan kifi a kan ƙugiya mai haske cikin duhu suka kama, da dare.

Minnesota ta yarda da sanda biyu a kan ƙanƙara. Ka huda ramuka biyu kusa da juna. A ɗaya ka riƙa kaɗawa kamar yadda Yaya ya ce, a ɗayan ka soki ɗan kifin ta gadon baya, kusa da ƙayar, kada ka taɓa ƙashin, ka bar shi yana iyo da kansa. Motsin ƙugiyar farko ke kiran kifi, sau da yawa ta biyu yake ci. Kuma ka yi alwala tun daga gida, don a Janairu rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 5, kamun kuwa daidai magariba yake buɗewa.

Maman Ɗalibai:

Ɗana, ƙafa 30 ɗin nan ita ta tsaya min a rai. Kifin da aka ciro daga irin wannan zurfi, jakar iskar cikinsa kumbura take, ko ka mayar da shi da ƙyar ya rayu. Idan a can kake kamu, ka riƙe abin da ka ciro, ka tsaya in ya ishe ka. Ƙa'idar jiha guda 10 ce, wasu tafkunan 5, sai ka duba littafin bana na DNR, hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar, kafin ka fita. Ragowar 'yan kifayen ƙoto kuma doka ta hana zuba su a tafki.

Hukumar ta ce inci 4 na sabuwar ƙanƙara garai-garai kafin a taka da ƙafa, farar ƙanƙara kuwa ƙarfinta rabin wannan ne. Minnetonka tana da mashigai tsakanin ɓangarorinta inda ruwa ke gudu a ƙasa, ka nisance su don Allah. In kun kunna hita a tanti, ku bar kafar iska a buɗe.

Ɗan Yawuri:

Na gode, Allah ya bar zumunci. Baba, tsutsar da na taɓa saya baƙi ta yi ta mutu tun kan in fara. Yaya ake adana ta?

Baban 'Yan Biyu:

Sanyi ne ya kashe ta. Ka sa gwangwanin a aljihun ciki na rigar sanyinka, inda ɗumin jiki ke kaiwa. A gida ka ajiye ta a wuri mai ɗan sanyi-sanyi, ba cikin firji ba, kana tsince waɗanda suka yi baƙi. Ƙananan tsutsar ƙuda, farare da jajaye, su ne ke son firji, kuma sun fi daɗewa a ƙugiya. Ka soka biyu ko uku ta gefen da ya fi kauri, ranar da crappie ya ƙi babbar tsutsa ka gwada su.