Wai haka ake jira a imajansi ko mu ne ba mu san kowa ba?

Abban Khalifa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina da tambaya, musamman in akwai ma'aikatan lafiya a nan, don abin ya tsaya min a rai tun ranar Talata.

Hajiyarmu ce ciwon ciki ya turnuƙe ta bayan isha'i, ga amai, har sau uku, muka ba ta ruwan ɗumi da kanwa kamar yadda aka saba abu ya ƙi, wajen goma na dare na ce a'a wannan ba na gida ba ne, na samo ɗan adaidaita a bakin layi muka tafi babban asibitin gwamnati ni da ƙanwata. Mun isa imajansi goma da rabi. Wata nas ta auna mata jini da zafin jiki, ta yi mana tambaya biyu uku, ta ce mu je mu yanki kati mu zauna a benci. Wajen yankar katin ma labari ne, mai karɓar kuɗi ya ce transfa ba ta shiga, sai da na fita waje wajen mai POS na ciro kuɗi.

To daga nan fa sai zama. Sha ɗaya, sha biyu, ɗaya saura. Hajiya ta jingina da kafaɗar ƙanwata tana nishi, ni kuma ina ta safa da marwa tsakanin benci da ƙofa. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne a gabana aka shigo da mutum uku bayanmu kuma duk aka wuce da su ciki. Biyu dai na gani da idona, hatsarin babur ne jini ko'ina, ban ce komai ba. Amma na ukun wani dattijo ne da ƙafarsa ya shigo, fes da shi, babbar riga da hula, dafe da ƙirji kawai, ko minti biyar bai yi ba aka kira shi. Na je na yi magana nas ɗin ta ce min "Malam ka yi haƙuri za a zo kanku" ko ɗagowa ba ta yi ba.

Sai wajen biyu saura likita ya gan mu, yaro matashi, idonsa ja wur don gajiya. Ya rubuta ruwa da allurai da gwaji, kuma babu gado, a kan bencin nan aka sa mata ƙarin ruwa an rataye ledar a ƙusar bango. Kanula ma, wato 'yar allurar robar da ake sa wa a jijiya don ƙarin ruwa, babu irin wadda ake so a famasin ciki, sai kemis ɗin ƙetaren titi na je da tsakar dare. Alhamdulillahi ta samu sauƙi, da safe aka sallame mu.

Tambayata ita ce, wai haka tsarin yake ko sai kana da hanya? In haka ne gara in sani, wani karon in nemi bashi in wuce asibitin kuɗi kai tsaye.

Sista Bilki:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya Abban Khalifa. Ni nas ce, na yi shekara shida a imajansi kafin a maida ni ɗakin yara, bari in gaya maka yadda abin yake ba wai don in kare abokan aiki ba.

Imajansi ba layin banki ba ne da wanda ya riga zuwa shi ake fara sallama. Wannan aunin jini da tambayoyin da aka yi muku a farko, shi ne tantancewa, a nan ake yanke wa zai iya jira wa ba zai iya ba. Tsarin da aka koya mana na Afirka ta Kudu ne, launi ake bai wa mutum. Ja a duba shi nan take, ruwan lemo cikin minti 10, rawaya cikin awa 1, kore har awa 4. Dattijon nan da ka gani fes da babbar riga, in dai ciwon ƙirji ya ce, to wallahi ni ma shi zan fara shigarwa kafin Hajiya, saboda bugun zuciya ba ya duba guga, mutum yana tsaye yana magana da kai sai ya zube. Sau nawa na ga haka. Mai ihu da ƙarfi sau da yawa ba shi ya fi ba mu tsoro ba, wanda ya yi shiru yana zufa mai sanyi shi ne.

Amma fa ba zan ce ba mu da laifi ba. Da nas ɗin ta ɗauki minti ɗaya ta ce maka "jinin Hajiya lafiya, ba ta cikin haɗari yanzu, akwai mutum uku a gabanku, in ta canza ka kira ni" da ba ka kwana da wannan baƙin cikin ba. Wannan minti ɗayan shi muke kasa bayarwa. Wani dare mu biyu ne nas da likita ɗaya a kan mutum sun fi talatin, likitan kuma tun safiyar jiya yake asibiti, waɗanda muka fara aiki tare da su rabi sun tafi Saudiyya da Ingila. Ba uzuri ba ne amma haka yake.

Sanayya kuma akwai ta, ƙarya ne in ce babu. Inda ta fi aiki shi ne wajen samun gado a sama da saurin fitowar sakamakon gwaji, ba wai a ture mai zubar jini a ɗauki ɗan gidan wane ba.

Shawarata, in ka je ka faɗi abin da ke faruwa a taƙaice kuma da lokaci. "Amai sau uku tun ƙarfe takwas, tana da hawan jini, ga maganin da take sha." Ka zo da kwalayen maganin a leda. Ka faɗi gaskiya in an ba ta na gargajiya, ba faɗa za mu yi ba (to wani lokacin mukan yi, amma dai faɗa mana). Kuma in kana zaune ka ga ta fara rikicewa, ko numfashi ya canza, ko aman ya koma jini, kar ka ji kunya ka tashi ka sake faɗa, launi yana canzawa.

Maman 'Yan Biyu:

Ni kam gaskiya ba zan zage su ba. Daminar bara watan Agusta lokacin da maleriya take kwasar yara, Hassan ɗina ya kama jijjiga cikin dare, idonsa ya kakkafe, kakarsa har ta ɗauko cokali za ta sa masa a baki na hana, na goya shi ko mayafin kirki ban ɗauka ba muka fita. Muna shiga wata nas ta fizge shi daga bayana tun kafin in gama kwance goyon, ba wanda ya tambaye ni kati, sai da aka yi masa allura ya lafa sannan aka ce babansa ya je ya yi su kati. Ina jin a lokacin ni ce irin waɗanda kake gani ana wucewa da su kana jin haushi, ka yi haƙuri lol.

Inda muka sha wuya wajen jini ne. Aka ce jininsa ya yi ƙasa sosai sai an ƙara masa, kuma sai mun kawo wanda zai bayar a madadin wanda za a ɗauko. Babansa aka gwada aka ce bai isa ba, ƙarfe uku na dare muna ta buga waya gidan 'yan uwa, sai ƙanina ne ya taho daga Kurna a kan babur. Tun daga ranar na sa duk gidanmu kowa ya san rukunin jininsa, na rubuta a bayan kalanda.

Ɗan Sharada:

Sista da girmamawa amma ni ban yarda duk tantancewa ba ce. Mun taɓa tsintar wani bawan Allah mota ta kaɗe shi a titin zobe, ba mu san shi ba, taimako kawai, muka sa shi a motata. Asibitin farko na kuɗi suka ce sai takardar 'yan sanda kuma sai an ajiye kuɗi, mutum yana zubar da jini a kujerar baya ta. Na biyu suka ce ba su da likitan ƙashi. Sai na uku na gwamnati suka karɓe shi, a nan ma sai da aka tsare ni da tambayoyi kamar ni na kaɗe shi. Shi ya sa yanzu mutane suke tsayawa suna ɗaukar bidiyo maimakon su taimaka, kowa tsoron jan magana yake.

Barista M.:

Ɗan Sharada abin da asibitin farko suka yi maka saɓa doka ne ƙarara, ba ra'ayina ba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta ce ba wani asibiti ko ma'aikacin lafiya da zai ƙi kula da mutum a halin gaggawa bisa kowane dalili, kuma ba ta ware na kuɗi ba. Hukuncin tarar naira 100,000 ne ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba ko duka biyun. Tarar kam yanzu ta zama abin dariya, kuɗin ajiyar da suke nema ma ya fi ta.

Sannan akwai ta 2017 da Buhari ya sa wa hannu kan waɗanda aka harba da bindiga, ita ta fito fili ta ce a fara magani ko da takardar 'yan sanda ko babu, ko an ajiye kuɗi ko ba a ajiye ba, asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa biyu da fara magani. To in mai harbin bindiga ma haka, ina ga wanda mota ta kaɗe? Matsalar ita ce mai gadi da mai karɓar kuɗin da kake tararwa da dare ba su san da dokar ba, ko sun sani suna tsoron mai asibitin fiye da ita. Ka nemi likitan da ke bakin aiki ko shugabar nas ta daren ka yi magana da su kai tsaye, cikin ladabi, ka ambaci dokar. Wani lokacin yana aiki. In hatsarin kan hanya ne kuma ka kira 122 na jami'an kiyaye haɗurra ko 112, in suka zo da kansu ka huta da zargin kai ka kaɗe.

Ɗan Sharada:

Barista 112 ɗin na taɓa kira ya yi ta ringin har na gaji. Amma na gode, zan riƙe sashe na 20 ɗin.

Yaya Rabi (Birmingham):

Ku daina ganin kamar mu nan a aljanna muke. A rubuce ƙa'idar Ingila ita ce cikin awa 4 a gama da kai a imajansi, ko a sallame ka ko a kwantar da kai, amma shekaru ke nan ba sa cika wannan alkawarin. Ni da kaina na yi awa bakwai a kujerar roba da hannu a kumbure lokacin sanyi, har na yi sallar asuba a zaune. Bambancin kawai ba mai aikenka siyo safar hannu ko kanula, ba mai ce maka netwok babu, kuma akwai allo da ke nuna kusan awa nawa za ka jira. Wallahi allon nan kaɗai yana rage rabin haushin, ka san matsayinka sai ka kama carbinka. Abin da Sista Bilki ta faɗa ne dai, rashin a gaya maka komai shi ne ciwon. Kuma Sista abokan aikin naki da suka tafi ga su nan, nas ɗin da ta ɗaure min hannu da Hausa muka gaisa.

Baba Alhaji Na Gwammaja:

Ɗana Abban Khalifa, kan maganar asibitin kuɗi bari in ba ka nawa. Ni na yi jinyar mahaifiyata, na yi ta uwargidana, yanzu kuma ni ake kaiwa. In abu ne irin na Hajiya, amai da gudawa, zazzaɓi, rauni na ɗinki, kuma aljihunka zai ɗauka, je ka ƙaramin asibitin kuɗi na kusa da kai wanda ka san akwai likita da dare, za a gan ku da wuri kuma za ta samu gado. Amma ka tabbatar likita ne yake kwana ba yaron da ke riƙe masa wuri ba.

In kuwa babban abu ne, baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta sarƙe, ko ciwon ƙirji, ko mai ciki tana zubar da jini, kar ka ɓata lokaci a ƙananan nan. Za su karɓi kuɗinka su sa ruwa, bayan awa biyu su rubuta maka takarda su ce ka wuce babban asibiti, ka ga ka yi asarar kuɗi ka yi ta lokaci. Uwargidana haka aka yi mana da shanyewar ɓarin jiki, da muka isa inda ake hoton ƙwaƙwalwa likitan ya ce awannin farko su ne komai. Kuma aka yi mana faɗa don mun ɗura mata ruwan rubutu a hanya, ashe mai wannan ciwon haɗiya takan gagare shi ruwan ya wuce huhu. Ba mu sani ba.

Kuma ku je ku biyu ko uku kullum. Ɗaya ya zauna da mara lafiya, ɗaya ya yi ta zirga-zirgar kati da famasi da ɗakin gwaji. Ka riƙe tsabar kuɗi ko kaɗan, da tabarma, da cajar waya.

Abban Khalifa:

Na gode ƙwarai jama'a, Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Sista Bilki kin sa na ji kunya kan dattijon nan, ni duk a zatona wani babba ne aka yi wa alfarma, har na yi ta ƙunƙuni a bayansa. Allah ya sa ya tashi. Amma har yanzu ina nan kan bakana a kan kanula, ba dalilin da zai sa mutum ya tsallaka titi ƙarfe biyu na dare neman abin da bai fi yatsa ba uwarsa tana kan benci. Kanwar da muka ba ta kuma ban faɗa wa likitan ba gaskiya, jibi za mu koma a duba sakamakon gwajin sai in faɗa masa.

Sista Bilki:

Faɗa masa kam, musamman in tana shan maganin hawan jini. Ku je da sassafe kafin takwas, kuma ba imajansi za ku koma ba wannan karon, ɓangaren ganin likita na yau da kullum za ku nufa da katin nan naku, kar ka bari a sa ka yanki sabo.