Zan yi hutun kwana 5 ni kaɗai a Abuja, amma autana bai bar nono ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Ina zaune a Kaduna, yarana uku: mai shekara 9, mai shekara 5, sai auta ɗan wata 14 da yake shan nono har yanzu. Tun da na yi aure ban taɓa kwana a wani gari babu goyo a bayana ba. Na ɗauki adashina, maigida kuma ya yi min izini in bi jirgin ƙasa in je Abuja, in sauka a otal in huta kwana 5. Mama za ta riƙe auta, manyan biyu suna gida da babansu da ƙanwata. Ta ina zan fara shiri? Sannan wata ta ce min nonon da ya kwana biyu ba a sha ba ya lalace, sai dai in yaye shi. Gaskiya ne?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, nono ba ya lalacewa a jikin uwa, ko da mako guda ba a sha ba. Abu biyu ne ke faruwa idan aka bar shi: ya cika ya yi tauri har ya kawo ciwo, sannan jiki ya ɗauka an daina buƙata ya rage kawo ruwan. Maganin duka biyun tatsa. Ki tatsa sau 2 zuwa 3 a rana, a lokutan da ya saba sha, musamman da asuba da kafin barci. Da hannu ma ya isa: ki wanke hannu, ki sa tsumma mai ɗumi na minti 5, babban yatsa a sama, manuni a ƙasa, nesa kaɗan da kan nonon, ki danna zuwa ƙirji sannan ki matse. Kada ki ja fatar. Ki koya tun a gida, ba a ɗakin otal ba. Idan kika ji ƙullutu mai zafi, wurin ya yi ja, ga zazzaɓi da makyarkyata, ki nemi asibiti a ranar.

Auta kuwa ya wuce shekara, tuwo da miya, kunun gyaɗa, ƙwai, wake da madara a kofi za su riƙe shi. Idan kina so ki bar masa tatsattse, ga ƙa'ida: awa 4 a ɗaki mai sanyi, kwana 4 a firij, wata 6 a firiza. Wanda ya narke ba a mayar da shi firiza, a bar shi a firij a sha shi cikin awa 24. To kin san halin wutarmu. In gidan Mama babu sola, kada ki wahalar da kanki.

Hajiya Babba:
'Yata, ki zauna da mahaifiyarki ki faɗa mata baro-baro cewa wannan ba yaye ba ne. A wurinmu idan aka kawo yaro gidan kaka aka bar shi ya kwana, yaye ake nufi. In ba ki yi magana ba, za ki dawo ki tarar an gama miki, har a hana ki ba shi.

Sannan kada ranar tafiyarki ta zama daren farkonsa a can. Saura mako biyu ki kai shi ya yini, bayan kwana uku ya kwana ɗaya. A nan za ki gane abin da zai ba da wahala, galibi barcin dare ne, don yaron da ya saba barci da nono a baki sai ya koyi barci a goye. Ki bar masa zanenki da kika ɗaura ba a wanke ba. Ranar tafiya ki yi masa sallama yana gani, ko zai yi kuka. Wanda aka sulale aka bari shi ne yake maƙale wa uwa daga baya, ko banɗaki ba ya barinta ta shiga.

Malama:
Ba a taɓo batun muharrami ba, gara a faɗe shi. Hadisin hana mace tafiya ba muharrami ingantacce ne. Malikiyya sun yarda da amintattun abokan tafiya a Hajjin farilla, a tafiyar da ba ta farilla ba kuwa akwai saɓani tsakanin malamai. Ki tambayi malamin da ku da maigida kuka amince da shi. Hanyar da ta fi kwantar da hankali ita ce wa ko ƙani ya raka ki har masauki ya juyo, ranar dawowa maigida ya je ya ɗauko ki.

Maman 'Yan Biyu:
Batun jirgi. Daga Rigasa yake tashi, ya tsaya Kubwa, ya ƙare a Idu, tafiyar tana haura awa 2. Ki sayi tikiti da kanki ta intanet a shafin hukumar jiragen ƙasa, ana neman lambar NIN, kuma sunan tikitin ya dace da na katin shaidarki. Kada ki saya a hannun masu tare mutane a bakin tasha. Ki zaɓi tsakiyar mako, don Juma'a, Lahadi da Litinin sun fi cinkoso. Jadawalin yana canzawa, ki sake dubawa ana gobe tafiya, ki isa tasha da saura awa 1. Ki riƙe mayafi mai kauri, sanyin taragon ba na wasa ba ne. In otal ɗinki yana Gwarinpa ko Kubwa, ki sauka a Kubwa.

A cikin gari kada ki tsayar da tasi a bakin titi wadda akwai mutane a ciki, ta haka 'yan wan-cans suke ɗaukar mutane su kwashe kuɗin asusunsu. Ki kira Bolt ko Uber, ki duba lambar motar da fuskar direban sun dace da na waya, ki tura wa maigida inda kike ta WhatsApp. Lambar gaggawa 112. Bayan Magariba ki kasance a masauki.

Otal kuma ki kira su kafin ki tura ko sisi. Ki tambayi wuta ta awa 24 ce ko ana kashe janareta da rana, akwai ruwan zafi, akwai firij a ɗaki, ƙarfe nawa ake karɓar ɗaki. Ki biya dare ɗaya tukuna, in ya yi miki ki ƙara. Ki nemi hawa na ɗaya ko na biyu, ba na ƙasa ba, kuma nesa da zauren biki.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti Nas, wane magani zan bar wa Mama? Kuma kwana 5 bai yi yawa ba?

Anti Nas:
Farasitamol na ruwa, ORS (garin haɗa ruwan gishiri da sukari), zink da ma'aunin zafin jiki. Farasitamol da nauyi ake ba da shi, miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo, duk bayan awa 6, kada ya wuce sau 4 a rana. Yaro mai kilo 10, idan kwalbar ta ce miligiram 120 a cikin 5ml, to 5ml ne. Ki auna shi, ki rubuta adadin a jikin kwalbar da alƙalami, a yi amfani da murfin awo ba cokalin shayi ba. In gudawa ce, a haɗa ORS da yawan ruwan da aka rubuta a ledar, a zubar da ragowar bayan awa 24, zink miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14. Zazzaɓi kuma a kai shi gwajin maleriya, ba a saya masa magani da ka ba. Katin asibiti da kuɗin mota su zauna a jakarsa. A ganina dare 3 ya fi a karon farko, saboda nonon.

Uwar Gida:
Ni ban ga laifin kwana 5 ba, ranar zuwa da ranar dawowa ai ba hutu ba ne. Abin da zai cinye hutun ba yawan kwana ba ne, dangi ne da waya. Kada ki sanar da kowa a Abuja sai mutum ɗaya saboda lalura. Da zarar an ji kin shigo, ga barka, ga dubiya, ga saƙon da za ki kai Kaduna. Waya kuma ki tsayar da lokaci biyu: da safe kafin makaranta, da bayan La'asar. Auta kada a nuna masa ke a bidiyo dab da barci, ya gan ki bai taɓa ki ba, Mama ce za ta kwana tana jijjiga.

Ki rubuta takarda ɗaya ki manna a kicin: abincin kowace rana, wa zai kai makaranta da Islamiyya, wa zai ɗauko, lambar malamin aji. Makarantar ma ki sanar da su sunan mai ɗaukowa. Kuɗi ki raba uku, masauki da abinci, zirga-zirga, tsaraba, sannan ki ware kashi ɗaya cikin biyar a wani katin daban da ba ya fita daga ɗaki. Tsaraba sai ranar ƙarshe a kasuwar Wuse, da jerin sunaye a hannu. Fita kuma ɗaya a rana ta isa: Millennium Park a Maitama da yamma, bakin tafkin Jabi, Juma'a a Masallacin Ƙasa. Rana ta farko kada ki sa komai, ki ce wa masu otal kada a ƙwanƙwasa miki ƙofa sai Azahar.