Wai sai an sake rauta kafin fim ya fito a falo?

Ɗan Mabera: Jama'a abin ya isa. Masu haɗa waya sun mai da mutane saniyar tatsa. Mutum na da finafinai cike da kwamfuta, yana son su fito a talabijin ɗin falo, sai a ce mai ya sayi sabuwar rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida, ya ƙara data. Ƙarya ce. Fim ɗin da ya taso daga ɗaki zuwa falo bai fita gida ba, ko megabait ɗaya ba ya ci. Rautar gidan ta isa. A kafe wa kwamfutar adireshi guda a saitin DHCP na rautar, inda take raba ma na'urori adireshi, misali 192.168.1.50, a buɗe rabon foldar finafinan, a sa sabar Kodi a akwatin talabijin, a rubuta smb://192.168.1.50 da hannu cikin Kodi ɗin. Shi ke nan.

Na Arkilla: Sabar Kodi? Halan sabuwa ce aka fitar jiya. Kodi kunna fim yake yi. A tsarin da ka zana ma kwamfutar ce sabar, ita ke riƙe da finafinan tana raba su.

Ɗan Mabera: Ka bar jaki kana dukan taiki. Maganar rauta nake yi.

Yaron Emir Yahaya: Yaya Na Arkilla, a yi hattara. A saitin Kodi akwai UPnP, in ka kunna shi yana raba ma sauran na'urorin gida abin da ke cikinsa. Mi ake kiran wannan in ba sabar ba?

Na Arkilla: Ƙanena, mai kura ma yana raba ruwa, ba a ce da shi gidan ruwa. Ɗauko fim mai tsarin matse bidiyo na H.265, ka buɗe a tsohuwar wayar da ba ta san shi ba. Kodi zai miƙa mata shi yadda yake, ta tsaya cak. Jellyfin kuwa, manhajar sabar finafinai da ake sakawa a kwamfuta, sauya shi yake yi nan take zuwa tsohon tsarin H.264, kowane ɗan gida da asusunsa, yara da nasu. Ka buɗe adireshin kwamfutar ka ƙara :8096 a burauza, ka gama.

Baban Khalifa: Plex, shi ma sabar finafinai ne, ya riga shi yin duk wannan. Jellyfin sai 2018 aka ɓallo shi daga wata manhajar, Emby.

Na Arkilla: Alhaji, Plex na neman intanet kafin ya tantance asusunka. Data ta ƙare, fim na cikin gidanka, kana zaune kana kallon bango.

Baban Khalifa: Akwai gurbi a saitinsa da ake rubuta adiresoshin gida, su shiga ba tantancewa. Wanda bai karanta ba ne ke kuka.

Malama Gawon Nama: Ku dawo kan magana don Allah. Ɗan Mabera bai cika gaskiya ba. Gidaje da yawa ƙaramar MiFi ce ke gare su, wata ko ramin kebul ba ta da shi. Mai rautar sim kuma da ya jona rauta ta biyu, talabijin na kan adireshin 192.168.8, kwamfuta na kan 192.168.0, wani lokaci ba sa ganin juna. Maganin: a kashe DHCP na ta biyun, a soka kebul a ramin LAN, ba WAN ba. A kuma duba kada talabijin ɗin ya hau Wi-Fi na baƙi, don shi keɓe na'urori yake yi.

Yaron Emir Yahaya: Ni kebul ɗin ne ma ban ga amfaninsa ba, Wi-Fi na 5GHz ya wadatar.

Baban Khalifa: Ya ratsa bangon bulo biyu tukuna mu gani. Kebul ɗin Cat5e na kai mita 100 da gudun gigabit, wato 1000Mbps.

Yaron Emir Yahaya: Talabijin da yawa ramin kebul ɗinsu 100Mbps ne kawai, Baba. Ina gigabit ɗin?

Baban Khalifa: Wa ka kira Baba? Sa'an yayanka ne ni.

Ɗan Mabera: Har yanzu ba wanda ya amsa zancen masu cutar mutane.

Na Arkilla: A matsayina na mai kula da zaure, ga abin da aka tsayar. An yarda Kodi ba sabar ba ne. Plex sai mai haƙurin saiti. Mai son zaman lafiya ya sa Jellyfin a tsohuwar kwamfuta, ya kafe mata adireshi, ya ja kebul. Batun rauta, Malama ta yi wani bayani a sama, mai buƙata ya duba.

Yaron Emir Yahaya: Su wa suka yarda?