Sarauniya ce ko uwa? Neman sunan wadda masu kiwon tururuwa ke farauta

1/
Jama'a, ga wata magana da nake so mu kashe kafin damina ta kankama. A Turai da Amurka da gabashin Asiya akwai masu kiwon tururuwa don sha'awa kawai. Ba da tarin tururuwa ake fara kiwon ba. Mace ɗaya tak ake fita nema a dawa ko a bayan gida, ita za ta haifi sauran duka. Da Ingilishi suna ce mata "queen", taron da ta haifa kuma "colony". Mu me za mu ce?

2/
Kada wani ya ce ina ruwanmu. A Afrilun 2025 aka kama wasu samari biyu 'yan Beljiyam a Kenya da irin waɗannan mata wajen 5,000, a cikin 'yan kwalabe da sirinji da aka toshe da auduga, za su fita da su Turai. An kuma kama wani ɗan Biyetnam da wani ɗan Kenya. Kotu ta ci kowannensu tarar shilin miliyan ɗaya ko ɗaurin shekara guda. Nau'in da suka kwasa, Messor cephalotes, dangi ɗaya ne da baƙar tururuwarmu mai jan hatsi. Ranar da irin wannan labari zai fito daga Kano ko Maraɗi, gara a same mu da kalmominmu a hannu.

3/
Abin da ya fi saurin zuwa baki shi ne "sarauniya". Ni ban gamsu da ita ba. Sarauta a wurin Bahaushe umarni ce, a ce a yi, a ce a bari. Wannan baiwar Allah ba ta umartar kowa. Ba ita ke zaɓen inda za a je neman abinci ba, ba ita ke cewa a tashi a sake wuri ba, hasali ma idan za a yi ƙaura ma'aikata ne ke jan ta ko su ɗauke ta. Aikinta ƙwai, safe da yamma. Ma'aikatan nan da kuke gani a layi kuwa duk mata ne, kuma duk 'ya'yanta ne. Don haka ni "uwa" nake cewa. Uwar tururuwa.

4/
Wani malamin makaranta ya amsa mini cewa an riga an saba da "sarauniyar zuma" a aji, me zai sa a raba ƙudan zuma da tururuwa.

Allah ya gafarta Malam, ban ƙi taka ba, kuma na san a labaran rediyo sarauniya za a ci gaba da cewa. Amma duba kiyashin nan ja da ke shiga gwangwanin sukari. Wasu daga cikinsu, a rami guda za ka tarar da mata masu ƙwai da yawa suna zaune lafiya. Sarauniya goma a gari ɗaya ai rikici ne. Uwaye da yawa a gida ɗaya kuwa, kowane Bahaushe ya san yadda ake yi.

(Wanda ya ce mu kira ta "uwargida", na ji. A bar ta nan, kada mu jawo wa kanmu fitina a gida.)

5/
Inda Hausa ta fi ba mu sarari shi ne wajen farautar kanta. Kakanninmu sun ce in tururuwa ta tashi lalacewa sai ta yi fiffike, kuma sun lura da kyau. Bayan ruwan farko mai ƙarfi, idan ƙasa ta jiƙa iska ta kwanta, tsofaffin ramuka sukan saki 'ya'ya masu fiffike, maza da mata, kusan lokaci guda a duk yankin. Su tashi, su yi barbara. Mazan ba sa daɗewa suke mutuwa. Matan ma akasarinsu tsuntsaye da ƙadangaru da kwaɗi ke cinye su. 'Yan kaɗan da suka tsira, kowace takan sauka, ta sa ƙafa ta karya fikafikanta da kanta, ta kama yawo a ƙasa tana neman inda za ta haƙa ɗaki. Maniyyin da ta karɓa a wannan fita tana ajiye shi a wata 'yar jaka a cikinta, da shi za ta yi ta amfani har ta mutu. An taɓa samun wadda ta kai kusan shekara 29 a hannun wani mai bincike a Jamus.

Wannan tashi Turawa "nuptial flight" suke ce masa. An kawo "tashin angwanci", an kawo "tashin barbara". Na farkon ya fi daɗin ji, na biyun ya fi faɗin abin da ke faruwa, kuma barbara ita ce kalmar da mai kiwon kaji ko tattabaru ya sani. Na biyun na ɗauka.

6/
To ga abin da nake so mu tsayar. Mace ɗaya ce, amma hawa uku take takawa, kuma mai nema dole ya bambance su. Tana da fiffike, ba a san ko ta yi barbara ba: mai fiffike. Ta zubar da fiffike tana yawo a ƙasa, ba ta fara ƙwai ba: amarya. Ta yi ƙwai sun ƙyanƙyashe: uwa. Wanda ya fita da tocila bayan ruwa, amarya yake nema. Idan ka ɗauko mai fiffike, mai yiwuwa budurwa ce, kuma ƙwan da ba a haɗa da maniyyi ba namiji yake zama a tururuwa. Sai ka yi wata da watanni kana jira, ƙarshe ka tashi da maza waɗanda ko ƙwayar gero ba sa ɗauka.

7/
Yadda ake gane amarya: kada girman jiki ya ruɗe ka, don a cikin tururuwar hatsi akwai manyan ma'aikata masu ƙaton kai. Ƙirji za ka duba, wato gaɓar tsakiya inda ƙafafu suke. Na ma'aikaciya siriri ne. Na amarya ya yi tozo, domin nan tsokar tashi take, kuma idan ka haska daga gefe za ka ga 'yan tabo inda fikafikan suka ɓalle. Tafiyarta ma daban ce. Ba ta bin layi, ita kaɗai take, ta leƙa wannan tsaga ta fito, ta gwada ƙarƙashin wancan dutse. Gindin katanga, bakin kwalbati, ƙarƙashin fitilar waje, da sassafe bayan daren da aka yi ruwa. Kada a kama da yatsu. A kifa mata kwalba, a tura ta ciki da gashin kaza.

8/
Wata 'yar'uwa daga Damagaram ta ce ai su tun suna yara suke tara masu fiffiken nan a kwano cikin ruwa a gindin fitila, har a soya.

Yaya, waccan shinge ce ko gina, 'ya'yan gara ne. Gara ba tururuwa ba ce, ta fi kusa da kyankyaso, tururuwa kuwa danginta zanzaro da ƙudan zuma. Ta gara fikafikanta huɗu tsawonsu ɗaya, ba ta da ƙugu, kuma bayan sun sauka za ki gan su biyu-biyu, namiji na bin mace, don tare suke kafa suri. Ta tururuwa ƙugunta a tsuke yake, ƙahonta a lanƙwashe, fiffiken gaba ya fi na baya, kuma ita kaɗai take kafa gida.

Akwai wani mai ruɗi kuma, dogon nan mai ruwan ƙasa da ke faɗowa kan fitila yana ta bugun bango yana jan ciki. Namijin kwarkwasa ne. Uwar kwarkwasa ba ta taɓa yin fiffike, rabuwa suke yi gida biyu idan sun yi yawa. Kada kowa ya ɓata kwalbarsa.

9/
Tunda an tambayi yadda ake ajiye amarya bayan an kama ta: kwalbar gwaji irin ta ɗakin awo ake samu, a zuba ruwa kamar sulusi, a tura auduga ta tare ruwan, a sa amarya, a toshe baki da wata audugar. A naɗe da takarda a ajiye a inuwa, a daina leƙe. A nau'o'i da yawa, har da ta hatsi, ba ta bukatar abinci a wannan zama. Tsokar tashin nan da ba ta da sauran amfani ita ke narkewa a jikinta, da ita take ciyar da tsutsotsin farko. Bayan 'yan makonni sai 'ya'yan fari su fito, ƙanana ƙwarai. Lokacin ne ake fara sa abinci.

10/
Sai "colony". Ku gwada ba na'urar fassara, kada ku yi mamaki idan ta ba ku "mulkin mallakar tururuwa". An kawo rami, gida, gari, runduna. Rami wuri ne kawai, alhali abin da ake nufi masu rai ne: uwa, ma'aikata, ƙwai da tsutsotsi.

Wani almajirin ilimi ya tuna mana hadisin da ke cikin Buhari da Muslim, na annabin da tururuwa ɗaya ta ciza ya sa aka ƙone mazauninsu, aka yi masa wahayi cewa ya ƙone al'umma guda mai tasbihi. Lafazin Larabcin da aka kira mazaunin da shi, daga nan alƙaryarmu ta samo asali.

Madalla da wannan, Malam. Ga yadda na ga za a raba: wurin da suka kafu a dawa, da ɗakunansa da rumbunansa da hanyoyin da suka share, alƙarya. Su kansu, zuri'a, tunda uwa muka ce. Ku gwada a jimla. Zuri'ar kwarkwasa ta tashi ta bar alƙaryarta. Amaryata ta zama uwa, zuri'ar ta kai ashirin. Bakina bai yi tuntuɓe ba.

11/
Wannan rabewa tana da amfani a aikace. Wanda ya ga alƙaryar tururuwa a gona ya ɗauko fartanya da nufin tono uwa, ɓarna zai yi. Tana can ƙasa, da an fara sara ma'aikata za su ƙara nutsawa da ita, kuma idan ta mutu zuri'ar ta ƙare a hankali. Mutanenmu sun tona waɗannan rumbuna, amma yunwa ce ta sa, kamar yadda aka gani a Nijar a 2005. Mai sha'awa ba shi da wannan uzuri. Amfanin gano alƙarya shi ne ka san wane iri ne a unguwarku, ka riƙa leƙa bakin ramin idan hadari ya haɗu. Ranar da ka ga masu fiffike sun fara leƙowa ma'aikata na kewaye da su, ka shirya kwalabe.

12/
Saura akwatin gilashin da ake mayar da zuri'a idan kwalba ta yi mata kaɗan, wanda suke kira "formicarium". Masu cewa "gonar tururuwa" Ingilishin Amurka suke bi, ba abin da ake nomawa a ciki. Wani ya ce akurki. Ni amya nake gani, tunda ita ce gidan da mutum ke yi wa ƙwari da hannunsa su zauna. Masu zuma na Zariya da Bauci, ku za ku faɗa mana ko kun yarda a ara. Kuma jajayen nan da ke ɗinke ganyen mangwaro su yi sheƙa, me kuke ce musu a garinku? Ku rubuto sunan tare da sunan garin.