Ya ja mota da hambirki, wa zai biya gyara?

Jiya a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura muka tattauna kan ƙanena da ya ari motar maƙwabci ya je Daura bai sauke hambirki ba, sai da ƙauri ya cika motar, tayar baya ta ɗau zafi kamar garwashi. Yawanci sun ce wanda ya tuƙa shi zai biya, tunda jar fitila na kunne a dashbod kuma motar ta yi nauyi, wallahi nima nan na tsaya. Bakaniken cikinmu ya ce a fara duba birki tukuna, in wayar hambirkin ce ta maƙale dama can to mai mota ma da laifinsa, a raba kuɗin. Inshorar tad-fati kuwa, mai biyan ɓarnar da mota ta yi wa wani kawai, ba ruwanta da wannan gyaran.